Kayan Saratu a Motar Lawali

Tun da na leƙo Tsafe hutun nan ba ku bar ni na huta ba. Wanda na gamu da shi a ƙofar masallaci da wanda na tarar a majalisa, tambayarsu ɗaya: Malam Bala, yaya aka yi tafiyar Tsafe zuwa Bungudu, wadda ɗan kasuwa ke yi ya dawo a wuni guda, ta kwanar da kai a hanya? Wasu har jaje suke yi mini, wai sun ji mota ta zubar da mu a rami. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ji rabi ya ƙarasa da nasa. To ga shi gaba ɗaya, duk mai shirin tashi daga gida ya saurara kafin ya fita neman mota. Roƙona kawai, labarin ya tsaya a Tsafe.

Kun san tun da aka ba mu jiharmu ma'aikata ba su zauna ba, yau a tura wannan can, gobe a dawo da wancan nan. Ni malamin gona, aka jefa ni Bungudu. Kowa ya taya ni murna, domin Bungudu garin matata Saratu ne, ga iyayenta ga danginta. Ita kaɗai ce ba ta yi murna ba, kuma na san dalili.

Lokacin da aka kawo Saratu gidana, an kawo ta da gadon katako mai madubi, da kabad mai gilashi, da kwanonin jere har kusa da rufin ɗaki. Gwaggonta, Gwaggo Kulu, ita ta sayi gadon da ribar ƙuli-ƙulinta, ita kuma ta jagoranci jeren. Shekarun da suka biyo baya kun san su. Albashi ya leƙo yau ya ɓace wata da watanni, ga rashin lafiyar babbar 'yarmu. Kwanonin suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin mayafin dillaliya. Gadon ma ya bi su, muka maye gurbinsa da wani tsohon gadon ƙarfe mai kuka. Gilashin kabad ya fashe, muka toshe da kwali. Saratu ba ta taɓa faɗa wa ko mahaifiyarta ba. In 'yan Bungudu za su zo sai ta aro kwanonin maƙwabta, gadon kuma ta ce yana wurin kafinta.

Ranar da za ta yi gaba da yara a motar haya, ta tsayar da ni a zaure.

"Malam, abu biyu nika roƙo. A ruhe kayan ga da tamhol, kuma kada su shiga Bungudu sai an yi Magariba. Na yi magana da wata ƙawata, za ta ara mani kwanoni kahin a zo ganin ɗaki. In Gwaggo Kulu tag ga gadon ga da rana tsaka, ban san inda zan sa kaina ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai ƙaramin abu ne.

Niyyata in je tasha in sami ɗan kamasho, a yi shata a gaban mutane: mota tawa ce daga ƙofa zuwa ƙofa, ba ƙarin kaya, ba fasinja. Haka masu hankali suke yi. Ina kan hanyar tashar sai ga Lawali.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali ɗan Kawu Maiwada ne, wan mahaifiyata, wato taubashina ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara a bakinsa ni bawansa ne. Tsakanin taubasai kuwa ba a fushi. Ko ka yi, ba mai yarda fushi ne, kowa zai ce wasa ya yi daɗi. A lokacin yana jan wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako ta wani Alhaji.

"Bawa!" ya kira ni daga tsallaken titi. "An ce tashi za ka yi, kuma kana biɗar mota alhali ubangidanka na raye?"

"Shata nake so, Lawali. Sai mu yi ciniki."

"Ciniki? Ku ji ɗan boko. Wanga ai abin gida ne. Ka zuba gas kawai, sauran ka bar mani."

"Akwai tamfol?"

"Kamar rumhwar biki."

Ku riƙe wannan: duk wanda ya ce maka ba sai an yi ciniki ba, ya riga ya karɓe bakinka. Abin da ba ka saya ba, ba ka da ikon cewa a yi maka shi kaza. Na kuma tambayi ko akwai tamfol, amma ban tambayi na wane ne ba.

Na ce ya zo bayan La'asar. Ya zo ana kiran Azahar, wai motar ba ta son gaggawa. Ya taho da wasu 'yan dako biyu waɗanda a rayuwarsu ba su taɓa ɗaukar abin da ba buhu ba. Suka rungumi kabad suka wurga, suka ɗora turmi a kan katifa, suka cusa tukwane tsakanin ƙafafun gado. Ina ihu a yi a hankali, Lawali yana gaya musu kada su damu, haka nake tun ina yaro. Tamfol dai ya zo, babba kuwa, aka lulluɓe komai. Na yi hamdala na hau gaba.

Ba mu fita gari ba ya taka birki a bakin kasuwa. Kafin in tambaya an fara loda buhunan dawa na wani mutumin Nahuce. Bayansu wata tsohuwa da kwandunan daddawa. Bayanta wani dattijo, Baba Nomau, da awakinsa.

"Lawali, mene ne haka? Ba haka muka yi ba!"

"Mi munka yi? Hwaɗa wa jama'a abin da munka yi." Ya juya wajen mutane. "Ku yi haƙuri da shi, bawana ne, bai saba shiga mota ba."

Wurin ya ɗauki dariya. Baba Nomau ya dube mu cike da sha'awa ya ce, "Taubasai ne? Allah shi bar zumunci." Daga nan ya riƙe ƙofa yana jira, domin ba a barin dattijo ya hau bisa kaya alhali yaro yana zaune a gaba. Haka mai gida, mai kaya, wanda ya zuba gas, ya koma saman tamfol tsakanin awaki da daddawa. Har yau in aka yi zafi katifarmu tana tuna mana wannan tsohuwar.

A 'Yandoto motar ta fara tururi kamar tukunyar dambu. Muka sauka aka shiga neman ruwa. Wata Bafillatana mai nono ta dama mana fura a gindin bishiya, kuma gaskiya ban sha fura mai daɗinta ba duk shekarar. Ina cikin sha sai na ga ta ƙura wa motar ido. Wata akuya ta ja gefen tamfol, ƙafar gadon ƙarfen ta leƙo waje da tsatsarta.

"Malam, gadon ga na sayarwa ne?" ta tambaye ni. "Muna son irinai. Ko an aza shi bisa sa ba shi karyewa."

Yabo ta yi, da zuciya ɗaya. Ni kuwa a raina sai na hango idon Gwaggo Kulu a kan wannan ƙafar. Na hau na ja tamfol na zauna a kan gefen, ban sake motsawa ba.

Da na ɗauka sai mai zuwa Nijar ne ke tsallaka iyaka. Ashe tsakanin Tsafe da Gusau ma akwai ƙasashe. Muna cikin tafiya sai ga wasu mutane sun gitta katako mai ƙusoshi a titi, ba ka iya gane na wace ma'aikata ne. Ɗaya ya nemi takardar awaki. Ɗaya ya nemi ta dawa. Na ukunsu ya shinshina daddawa ya yi dogon tunani, bai samo sunan takardarta ba. Da suka tambayi wane ne mai mota, Lawali da Baba Nomau da tsohuwa suka nuna ni a tare.

"Ga mai shata can bisa."

Wajen zama ni bawa ne, wajen sallamar masu shinge kuma na zama mai shata. Na fara gardama, babbansu ya ce to a yaye tamfol a sauke komai a duba. Nan take gardamar ta ƙare. Na sa hannu a aljihu, ya yi mini addu'ar sauka lafiya.

Rana ta yi ja muka shigo Damba, bakin garin Gusau. Na ce a raina duk da haka Allah ya rufa asiri, in muka ratsa Gusau za mu shiga Bungudu bayan Magariba, daidai yadda Saratu ta so. Sai Lawali ya karkata cikin wani gareji ya kashe mota.

"Nan za mu kwana."

"Kwana? Bungudu fa ga ta nan gaba!"

"Da wace hitila?"

Na diro na zagaya gaban motar. Inda ya kamata a ga fitilu, ramuka biyu ne, a ɗayan ma zanzaro ya yi ɗaki. Wato tun ranar da muka yi magana, motar nan ba ta da hanyar shiga ko'ina bayan Magariba. Ni da nake koya wa manoma su duba haƙoran sa kafin su saya, ban zagaya motar da za ta ɗauki gidana ba.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga wani ƙaton direba ya nufo mu yana huci. Bai yi sallama ba ya hau motar ya fara kwance igiya.

"Kwana nawa ina nemanka, Lawali? Aro nic ce, ba kyauta ba. Siminti gare ni a waje, ga hadari na haɗuwa."

Ya naɗe tamfol ɗinsa ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Kayan Saratu suka tsaya a fili, gadon ƙarfe ya miƙa ƙafafu sama, kwalin kabad yana kallon titi.

Abin mamaki, ba wanda ya kalla. A nan Tsafe da kafin ka ƙifta ido unguwa ta ƙirga tukwanenka. Gusau kuwa yanzu kowa da katifarsa a ka yake yawo. Ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato sun cika gari, wani babban akawu ma a zauren garejin nan yake kwana, ya rataye kwat ɗinsa a ƙusa. Ruwa saye ake yi, har na alwala sai ka jira ɗan garuwa. A gida baƙo ya sauka, kafin ya cire takalmi an fito da akushi. Can kuwa mai garejin ya yi mana maraba da baki, ya nuna mana inda mai hoce, gasasshiyar wainar dawan nan, take zama.

Bayan mun yi Magariba muka zauna a benci muna cin hocen da mai da yaji. Na ga ba ni da sauran dabara, sai na ja Lawali gefe na gaya masa komai, dillaliya da kafintan ƙarya da Gwaggo Kulu. Na ce masa ba kaina nake ji ba, matar nan shekara da shekaru tana rufa mini asiri, abu biyu kawai ta roƙe ni. Ya yi dariya har hoce ya shaƙe shi.

"Ashe amaryarmu bisa ƙarhe taka kwana! Kai bawa, ka ji kunya."

Na miƙe tsaye na gaya masa da dukkan zuciyata cewa ba shi da imani, ba shi da mutunci. Makanikai suka tafa, akawun ya ce rabon da ya ga taubasai masu iya wasa irinmu tun yana yaro. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Mutum yana kuka da gaske ana yaba masa iya wasa.

Muka kwana a tabarma, sauron Gusau ya karɓe mu hannu biyu. Da safe na fita neman wata motar, ko tamfol na haya. Babu. Duk motocin gari suna layin gidan mai, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi suna dara. Gas ɗin da na zuba kuwa Lawali ya ce nauyin awaki ya shanye shi, sai da muka bi 'yan bumburutu lungu-lungu aka samo jarka. Na ce to mu jira yamma. Ya ce da wace fitila. Baba Nomau ya ce awakinsa sun fara rama, mai dawa kuma yana jira. Na lulluɓe kayan da tabarmi biyu da wani tsohon zane. Kafin mu fita Gusau iska ta raba su ga mabuƙata.

Mun shiga Bungudu ana fitowa daga sallar Azahar. Kamar da gangan, gidan da ke jikin wanda na kama haya suna ake yi, mata cike da ƙofa cikin kwalliya. Dangin Saratu kuwa tun jiya da suka ji ba mu iso ba hankalinsu ya tashi, suka taru suna jira. Motar ta tsaya da ƙara. Daga saman kaya na hango Saratu a bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A gabanta ga wata gajeriyar tsohuwa ta riƙe ƙugu. Gwaggo Kulu ta dubi gadon, ta dubi kwalin kabad, ta dubi ƙullin da 'yan kwanonin da suka rage suke ciki.

"Saratu," ta ce, "ina gadon da nis saya?"

Saratu ta ƙara jan mayafinta. Ni kuwa na sauko daga saman kaya.

Sai Lawali ya banko ƙofa ya diro, yana goge hannu da tsumma kamar ba abin da ya dame shi.

"Gwaggo, gado ya riga mu gidan gaskiya. Igiya ta tsinke muna gudu a kwana, shi da buhunan kwanoni sunka hwaɗa titi, tirela ta bi ta kansu. Madubin ma ko ɓarɓashi ba mu tsinta ba. Wanga na ƙarhe wurin makanike nis samo mata a Damba, ta yi maneji. Gilashin kabad kuwa akuya ta tunkuya. Ni dai na hwaɗa musu motata ba ta kayan mata ba ce."

Mata suka ɗauki salati. Gwaggo Kulu ta juya ga Baba Nomau, dattijo mai farin gemu, ta ce, "Baba, haka anka yi?" Baba Nomau ya dubi Saratu, ya dubi ƙasa, ya gyara rawani.

"Hajiya, ni dai ban taɓa shiga mota irin wagga ba. Abin da idona yag gani a hanyag ga, Allah kada shi maimaita."

Bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Tsohuwa mai daddawa kuwa ba ta da wannan takatsantsan. Ta ce ita da kunnenta ta ji ƙarar kwanonin, har wani murfi ya gangara cikin gona.

Gwaggo Kulu ta yi kan Lawali da zagi, daga nan ta juyo kaina.

"Kai kuma kana tsaye? An tattake kayan matarka kana kallo? Ko don ɗan uwanka ne?"

Lawali ya matso kamar zai kwance igiya, ya taka mini ƙafa, ya ce a hankali, "Zage ni, bawa. Da ƙarhi."

Na buɗe baki da niyyar wasa, amma abin da hanya ta dafa tun daga Tsafe shi ya fito. Daddawa ta fito, masu shinge suka fito, fitila da tamfol da dariyar gareji duk suka fito. Na ce masa sakarai ne, ba ya riƙe amana, shi ya sa har gemu ya fito masa motar wani yake ja. Na ce kada ya ƙara taka ƙofar gidana. A karo na farko tun da aka haife mu, ba wanda ya yi dariya. Lawali ya sunkuyar da kai, ya taya aka sauke kayan, ya hau mota ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Kafin La'asar, a bakin mata, kayan ɗakin Saratu da aka ce sun salwanta sun fi na kowace mace a Bungudu. Wata ta ce ta tuna da tangaran na Makka a ciki. Wata ta ce gadon madubi biyu gare shi. Gwaggo Kulu da kanta tana hawaye tana lissafa kwanonin da ba ta taɓa saya ba. Dangi suka yi ta shigowa jaje, wannan da kwano, waccan da faranti, har ba a buƙaci aron ƙawa ba. Ni kuma na sami suna a gari, malamin gonan da ya ba mahaukaci kayan matarsa. Na karɓa, domin ya fi mini gaskiyar sauƙi.

Da jama'a suka watse na tarar da Saratu zaune a bakin gadon ƙarfe. Ta tambaye ni ko ni na sa shi. Na ce a'a. Ta share ido da gefen mayafi.

Labari bai tsaya a Bungudu ba. 'Yan kasuwar can suka daina ba Lawali kaya, na Nahuce suka bi sahu, har nan Tsafe na ji wasunku sun fara kauce masa. Da Saratu ta ji, ita ta ce in zo in gaya muku gaskiya. Ta ce matanku ne suka riƙa ara mata kwanoni, ba abin da za ta ɓoye muku, kuma ba za ta ci abinci a kwanon da ya hana wani cin nasa ba. Saboda haka ku ba shi kaya. Amma ku yi ciniki a gaban ɗan kamasho, ku zagaya motar, ku tambayi mai tamfol, kuma abin da kuke tsoron ya fashe ku ɗaure shi da hannunku.

Jiya na je gidan Kawu Maiwada da dambun naman da Saratu ta yi wa Lawali. Na tarar da su a zaure. Lawali ya tashi ya ba ni tabarma, ya ɗan rusuna.

"Malam Bala, sannu da zuwa. Ya iyali?"

Na ɗauka don idon Kawu ne. Kawu ya shiga cikin gida, muka rage mu biyu. Na miƙa masa ƙullin, na ce ga saƙon amaryarsa, kuma in ya ci ya rage wa bawansa. Ya karɓa da hannu biyu.

"An gode, Malam. A gaishe ta."

Na fito na tsaya a ƙofar gida ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi, ko zai biyo ni ya faɗi wata maganar banza. Bai biyo ni ba.